Babur mai tari da shaƙewa: ina ciwon yake?

 Maganar yau ta babur ce, wanda ake kira moto.

A ƙasar nan babur ya gaji doki da raƙumi. Shi ke kai buhun hatsi kasuwa. Shi ke kai wake da gujiya Tasawa ko Mayahi. Ƴan kabu-kabu da shi suke ciyad da gida. In mace tana bisa gwiwa, haihuwa ta ƙi zuwa, ko maciji ya sari manomi a gona, mota ba ta kusa. Babur ne zai kai su likita. Hanyar kuwa ta rairayi ce. Wanda injinsa ya taɓa mutuwa a tsakiyar rairayi cikin dare, ga majinyaci goye a baya, ya san abin da ake nufi.

Ga ciwon da za a duba. An tada babur, an saki totur. Mai lafiya sai ya tsaya yana bugawa a hankali, daidai wa daida. Makanikai na ce wa wannan ralanti, mutanen Najeriya kuma su ce silo. Babur mai lamba 125 yana juyi wajen sau 1.400 cikin minti guda in yana ralanti. Marar lafiya kuwa sai ya yi ta tari yana makyarkyata. Ya hau, ya sauka. Ko kuma da an sassauta hannu ya mutu.

Da an ga haka sai kowa ya ce kafireto ne, wato karbiratar. Wani lokaci shi ne. Amma sau da yawa ɗora masa laifi ake yi. A kwance shi, a murɗa nan, a murɗa can, a biya kuɗi, gobe ciwon ya dawo.

Aikin kafireto

Injin ba ya cin mai tsagwaronsa. Sai an gauraya shi da iska, kamar yadda ake dama fura da nono. Kafireto shi ne mai damun. In mai ya yi yawa, damu ya yi kauri. In iska ta yi yawa, damu ya tsinke. Duka biyun injin ba ya so.

Awon da yake so shi ne kilo 1 na mai, iska wajen kilo 15. Iska ba ta da nauyi, saboda haka yawanta ya wuce tsammani. Lita guda ta isansi tana cin iska wajen lita 9.000, wato cikin tano 45. Duk wannan iska kuwa ta ƙasar nan ce, da ƙurarta da rairayinta. A riƙe wannan lissafi, za a dawo kansa.

A gindin kafireto akwai ɗan ƙoƙo inda mai ke taruwa. Cikin ƙoƙon akwai wani abu marar nauyi mai yawo bisa mai, kamar gora bisa ruwa. In ƙoƙo ya cika sai ya taso, ya tura wata ƴar allura ta rufe hanyar mai. In mai ya ragu sai ya sauka, hanya ta buɗe. Akwai kuma ƴan ƙusoshi biyu na tagulla masu huda a tsakiya, ana ce musu jet. Babban na gudu ne. Ƙaramin shi ke ciyad da injin lokacin ralanti. Iskar da fistin ke zuƙa tana wucewa da ƙarfi ta bakin hudojin nan, ta ja mai sama, ta fesa shi. Haka famfon feshin maganin sauro yake aiki. Dabarar ta daɗe, wani Bajamushe mai suna Maybach ya fito da irinta tun shekarar 1893.

Hudar ƙaramin jet ba ta kai rabin milimita ba. Allurar ɗinki ma ta fi ta kauri. Ƙwayar rairayi guda ta isa ta toshe ta.

Tambaya kafin turnabis

Ma'aikacin likita ba ya yin allura sai ya tambayi majinyaci. Haka ya kamata mai babur ya yi kafin ya taɓa ƙusa ko ɗaya. Yaushe ciwon ya fara? In ya fara ran da aka sha mai a wani wuri, a tuhumi man. In ya fara bayan ruwan sama ko bayan wanki, a tuhumi ruwa. In ya fara bayan hannun wani mai gyara, a koma inda ya taɓa. In kuwa a hankali ya yi ta ƙaruwa wata da watanni, to ƙura ce ko cinyewar ƙarfe.

Sa'an nan a duba kauri ne ko tsinkewa. Babur mai damu da kauri yana fid da baƙin hayaƙi. Salansa tana warin ɗanyen mai. Da sanyin safiya yana tashi ko ba a ja cok ba, amma in ya yi zafi sai ya shaƙe. Yana shan mai fiye da da. Mai tsinkakken damu kuwa ba ya tsayawa sai an ja masa cok. In an murɗa totur an saki, yakan jima yana ƙugi kafin ya sauka. Yana fashe-fashe a salansa in an rage gudu, injin kuma yana zafi ƙwarai.

Buji shi ne shaida. A bar injin ya huce, a kwance buji a dubi bakinsa. In launinsa ƙasa-ƙasa ne, damu ya yi daidai. In baƙi ne mai kunkunniya a bushe, mai ya yi yawa. In fari ne fat, iska ta yi yawa, kuma wannan ya fi haɗari, don zafinsa na iya ƙona bawul ko huda fistin. In baƙi ne mai maiƙo, baƙin mai ne ke hawa. Wannan ciwon ringi ne, murɗa kafireto ba ya warkad da shi.

Tun da an kwance bujin, a duba tazarar bakinsa. Milimita 0,6 zuwa 0,7 ake so. Tsohon buji kaɗai yana sa babur tari. Kowane buji da lambarsa a jiki. Yawancin babura 125 na Sin kwaikwayon Honda CG125 ne, wanda ya fito a 1975, kuma bujinsu D8EA ne. Ƙananan masu lamba 110 yawanci C7HSA suke ɗauka. Wanda ya iya karatu sai ya rubuta lambar a takarda kafin ya tafi kanti, kada a ba shi abin da ya sawwaƙa.

Maganar mai

A nan rabin ciwon yake, saboda haka a tsaya kansa.

Tun watan Nuwamba na 2011 ƙasar Nijar ke tace nata mai a matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka gina don ta tace ganga 20.000 a yini. Amma gidajen mai a birane suke. Mutumin ƙauye a kwalba yake saye, wurin ƴan ruwa-ruwa ko mai tebur na bakin kasuwa. Kafin man nan ya iso tankinsa ya fita daga tano ya shiga jarka, ya fita daga jarka ya shiga kwalba. Kowane juyi da tasa ƙura. Tanon da ya kwana a waje cikin damina yana tara ruwa, ko da mai shi ba ya da niyyar cuta. Akwai kuma marasa tsoron Allah masu ƙara kananzir don riba.

Gane kananzir ba wuya. A ɗiga man bisa farar takarda. Isansi mai kyau yana bushewa nan take, bai bar tabo ba. In da kananzir ciki, tabon maiƙo zai jima.

Gane ruwa ma ba wuya. A rufe makunnin mai na ƙarƙashin tanki. A gindin ƙoƙon kafireto akwai ƴar ƙusa ta zubarwa. A tara farar kwalba mai tsabta, a sassauta ƙusar, man ƙoƙon ya zuba ciki. A ɗaga kwalbar a rana. Ruwa ya fi mai nauyi, zai kwanta a ƙasa kamar ƙwallon ido. Rairayi da tsatsa ma za a gan su. Su kuwa jet daga can ƙasan ƙoƙo suke sha, shi ya sa ɗigon ruwa biyu ko uku kan hana babur tsayawa. Sau da yawa wannan zubarwa kaɗai ta isa, babur ya warke ba a kashe ko dala ba. In ruwan yana dawowa, yana cikin tanki ke nan. Sai a sauke tankin a juye shi duka.

Tun ƙusar tana sassauce, a buɗe makunni a ga yadda mai ke zuwa. Ya kamata ya zubo ba yankewa. In ɗiga yake yi, rariyar makunni ta toshe, ko tiyo ya lanƙwashe. Wani abu kuma da ake mantawa shi ne murfin tanki. Yana da ƴar kafar shaƙar iska. In ƙura ta like ta, babur ya yi tafiya kaɗan ya mutu, in an huta ya tashi. Alamarsa ita ce, da an buɗe murfin sai a ji iska ta shiga fuu.

Mai hankali yana tace mai da ƙyalle mai tsabta duk sa'ad da ya saya a kwalba. Akwai kuma ƴar rariya ta roba da ake sa wa a tsakiyar tiyo. Kuɗinta kaɗan ne, aikinta da yawa.

Saura maganar masu cin rani. Bayan girbi saurayi ya jingine babur a ɗaki, ya tafi Kano ko Agadas ko Libiya, sai bazara. Man da ya bari cikin ƙoƙo yana bushewa a hankali, ya bar wani danƙo kamar ƙaro. Danƙon nan ƙaramin jet yake fara toshewa. Ran da ya dawo, babur ba ya tashi sai da cok, kuma ba ya ralanti. Maganin abin tun kafin tafiya ne. A rufe makunni, a zubad da man ƙoƙo, sa'an nan a jingine.

Maganar iska

A tuna da tano 45. Tsakanin ƙurar hunturu da cikin injin ba abin da ke tsaye sai rariyar iska, wadda ake kira filtar. Daga Nuwamba zuwa Maris, mai bin hanyoyin Urafan da na Gulbin Kaba kullum ya kamata ya buɗe ta kowane mako. In ta toshe, iska ta ragu, damu ya yi kauri, mai yana tafiya a banza. In ta soso ce, a wanke ta da kananzir ko da ruwan sabulu. A bari ta bushe sarai. A zuba mata baƙin mai sabo kaɗan, a matse da tafin hannu har ya bi ko'ina, kada a murɗe ta ta yage. Maiƙon nan ne ke kama ƙura. In ta takarda ce, kaɗe ta ake yi a hankali. Ba a wanke ta, ba a sa mata mai. In ta yi baƙi ƙirin a sake sabuwa.

Wasu samari na cire rariyar, ko su huda ta, wai babur ya ƙara gudu da ƙara. Ƙarar dai yana yi. Amma rairayin da ke shiga yana goge fistin da ringi kamar dutsen niƙa. Kafin shekara ta kewayo sai sauke injin.

Akwai kuma iskar ɓarauniya. Tsakanin kafireto da injin akwai wuya na roba ko na ƙarfe mai shimfiɗa a tsakani. Zafin bazara, wanda ke wuce awo 40 a watannin Afrilu da Mayu, yana busad da roba ta tsage. Girgizar hanya kuma tana sassauta noti. Iska ta shiga ta nan ba tare da mai ba, damu ya tsinke, ralanti ya yi ta hawa da sauka. Don a gane, a tada injin, a kama kafireto a ɗan girgiza shi. In muryar injin ta sake, akwai kafa. Ko kuma a shafa giris a kewaye wurin haɗin. In injin ya daidaita nan take, an kama ɓarawo. Wasu makanikai na fesa isansi a wurin. Kada a kwaikwaye su, injin mai zafi ne, ga buji kusa.

Abu biyu kuma na minti ɗaya. A duba ko cok ya koma wurinsa sarai. A kuma juya kan babur hagu da dama yana ralanti. In ƙara ta ƙaru wajen juyawa, wayar totur ta yi tsauri, a sassauta mata.

Bawul

Wannan shi aka fi ɗora wa kafireto laifinsa. Bawul ƙofofi ne biyu a kan injin, ta shiga da ta fita. Suna son ƴar tazara. A injin irin na CG125 milimita 0,08 ce, wato kamar kaurin takarda guda. A ƙananan 110 kuwa 0,05. In tazara ta yi yawa ana jin tak-tak-tak a kan injin. In ta ƙare ba a jin kome, kuma nan haɗarin yake. Ƙofa ba ta rufuwa sarai, babur yana wuyar tashi, in ya yi zafi ya mutu a ralanti. Ƙafar mai kik ma tana jin ya yi laushi. Ana auna bawul ne injin yana da sanyi, da ƴan siraran ƙarafa na awo. Makanikin da ya auna da ido, ko injin yana da zafi, bai yi aiki ba.

In an zo kan kafireto

Mai yana da kyau, rariya tana da tsabta, buji lafiya, ba kafa, bawul daidai. To yanzu ne za a taɓa kafireto.

A jikinsa akwai ƙusoshi biyu na gyara. Mai babban kai da ƴar waya naɗe a wuyanta, ita ke ɗaga ralanti ko ta sauke shi. Ƙaramar kuwa ita ke gyara damu. In tana gefen injin, ta mai ce, fito da ita yana ƙara kauri. In tana gefen rariyar iska, ta iska ce, fito da ita yana tsinka damu. Mutane da yawa babbar kaɗai suka sani. Babur ya ƙi tsayawa, su murɗa ta har ya riƙa ihu. Ciwo yana nan, mai yana ƙonewa, giya kuma tana shiga da ƙara.

Ga yadda ake yi. A yi tafiyar minti 10 injin ya ɗumama. A kashe. A murɗa ƙaramar ƙusa ciki a hankali ana ƙirga juyi, har ta taɓa ƙasa. Da ta taɓa a tsaya. Bakinta siriri ne, in an matsa sai ya karye ko ya ɓata wurin zamansa. A rubuta juyin da aka ƙirga, don a san hanyar komawa. A fito da ita juyi ɗaya da rabi zuwa biyu. A tada injin. A riƙa juya ta kwata-kwata, ana dakatawa ana saurare, har a sami inda injin ya fi sauri da daɗin murya. A bar ta nan. Sa'an nan a sauke ralanti da babbar ƙusa. In an juya ƙaramar ciki da waje injin bai kula ba, ko kuwa sai ta fito fiye da juyi uku, ƙaramin jet ya toshe. Sai buɗewa.

Kada a buɗe kafireto bisa rairayi ko cikin iska. A shimfiɗa farin ƙyalle bisa faranti. A jera kowane abu yadda ya fito. A kwance jet da turnabis da ya yi daidai da shi, don tagulla tana da laushi. A jiƙa su cikin isansi, a hura da famfon taya, a ɗaga a rana. In an ga haske zagaye, ya buɗe. In ya ƙi, a zare silin waya guda na jan ƙarfe daga tsohuwar wayar lantarki a sa a hankali. Allura da ƙaya da wayar birki duk haramun ne a nan. Allura tana faɗaɗa huda, kuma hudar da ta faɗaɗa ba ta komawa. Daga ran nan babur ya zama mashayi. Ƙananan hanyoyin cikin jikin kafireto ma a hura su.

In mai yana ɗiga daga ɗan tiyon gindin kafireto, allurar ƙoƙo ce ba ta rufewa. Ko datti ya tokare ta, ko bakinta ya ci, ko goran ya huje ya sha mai. A girgiza shi kusa da kunne, in da mai ciki za a ji. Wannan ɗiga ba ƙaramar hasara ba ce. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar isansi daga sefa 540 zuwa 499, wato dala ɗari ba tamma guda. Ko bisa wannan kuɗi, baburin da ke ɓad da rabin lita kullum ya ɓad da lita 15 a wata, kusan jika bakwai da rabi. A kwalbar ƙauye kuwa ya fi haka. Allurar sabuwa ba ta kai kusa da wannan ba. Kuma duk sa'ad da aka aje babur a rufe makunnin mai.

Shuɗin hayaƙi, da kik mai laushi bayan an gyara bawul, da kafireton da cikinsa ya goge har abin ɗaga iska yana kaɗawa, waɗannan sun fi ƙarfin gida. A kai wa makaniki. Mai babur ya tsaya a kan aikinsa, ya faɗi abin da ya riga ya duba, ya karɓi tsofaffin kayan da aka cire. In sai an sake kafireto, a tafi kanti da tsohon a gwada faɗin bakinsu. Babba ba ya ƙara wa ƙaramin injin ƙarfi, ralanti kaɗai yake ɓatawa.

Jama'a, duk aikin nan da isansi ake yin sa. A nisanci murhu da gawayin shayi da mai shan taba. Kada a zuƙi mai da baki, in ya sarƙe ya shiga huhu yana kisa. Kada a tada babur cikin rufaffen ɗaki. Hayaƙinsa na ɗauke da guba marar wari mai sa barci, mutum ya kwanta bai farka ba. Kwalbar mai kuma a rataye ta inda yaro ba ya kaiwa.

Gidan da ke da mai ciki wata tara, ko tsoho marar lafiya, a duba babur tun da rana. A zubad da ƙoƙo, a kaɗe rariya, a cika tanki da tataccen mai. Ƙarƙashin sirdi kuma a aje buji sabo guda, da makullin kwance shi, da turnabis, da ƙyalle, da tocila.